Yadda Ake Gano Inda Injin HiAce Ke Zuƙar Iska Ta Ɓarauniyar Hanya, Da Yadda Ake Karanta Lambar Kwamfuta

Ana saura mako biyu azumi wani kawuna ya shigo mini da HiAce ɗinsa ƙirar 2012, wadda yake jigilar masu Umra da ita tsakanin Jidda da Makka. Ransa a ɓace yake. Ya ce, "Ɗana, duba mini motar nan. Sau uku ina kai ta warsha, wato gareji, a Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota. An canja filogi, an canja koyil biyu, an canja sansar salansa, amma wutar cek kwana biyu take yi ta dawo. Idan na tsaya a danja sai ta riƙa kyarma kamar mai masassara." Na ce, "Kawu, wace lamba kwamfuta ta nuna musu?" Ya ce shi dai ya ga yaron ya soka na'ura ya zare, ya ce a je a sayo kaya.

Lambar P0171 ce. Abin da ya haddasa ta kuwa wani guntun tiyo ne da bai fi tsawon yatsa ba, ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kai wa, kuɗinsa bai kai na farantin shinkafar bukhari ba. Ga yadda aka kamo shi, kuma haka za ka bi a taka motar.

Abin da ke faruwa a cikin injin

Injin fetur yana son awo ɗaya: a nauyi, iska kashi 14.7, fetur kashi 1. A HiAce mai injin 2TR-FE, mai lita 2.7 da silinda huɗu, akwai sansa kusa da matatar iska da ake kira MAF, masu warsha a nan suna ce mata hassas al-hawa. Aikinta ta auna iskar da ta wuce ta sanar da kwamfutar mota, ita kuma ta saki fetur daidai da awon. Daga nan iskar ta bi babban tiyo, ta wuce ƙofar totur, wato bawwaba, ta shiga manifol ɗin da ke raba ta ga silindoji. Manifol ɗin nan shi ake kira sallajar makina a Sina'iyya. Ranar da na fara jin sunan na ɗauka firij ake nufi.

Idan mota tana silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, ƙofar totur a rufe take sai ɗan kaɗan, fistin kuwa suna ta zuƙa. Saboda haka cikin manifol akwai zuƙa mai ƙarfi, irin wadda kake ji idan ka toshe bakin sirinji ka ja. Duk wata ƙaramar huda da ke bayan sansar MAF, iska za ta kutsa ta nan ba tare da an auna ta ba. Kwamfuta ta ba da fetur na iskar da ta sani, alhali wadda ta shiga ta fi haka. Sansar salansa ta shinshino hayaƙi ta ce iska ta yi yawa, kwamfuta ta ƙara fetur, ta ƙara, har ta kai iyakar abin da aka yarda mata, sannan ta kunna wutar cek. Ka ga ke nan sansar salansa gaskiya ta faɗa. Wanda ya cire ta ya jefar, shaida ya kora ya bar ɓarawo a ɗaki.

Abin ya fi yawa a ƙasar nan saboda zafi. A Makka da rani ana haura digiri 45, injin HiAce kuma a ƙarƙashin kujera yake, cikin akurki, ga na'urar sanyaya gaba da baya tana aiki yini guda a cunkoson unguwar Misfala. Roba ba ta jure wannan. Takan bushe ta yi tauri kamar ƙirgi, sannan ta tsage.

Alamomin sanannu ne: silo ba ya zama wuri ɗaya, ko ya hau sama da inda ka saba gani, kusan juyi 700 a minti idan injin ya yi zafi kuma na'urar sanyaya a kashe, mota tana kyarma a tsaye amma ta yi lafiya a babban titi, takan mutu idan ka ɗaga ƙafa daga totur, wani lokaci ka ji ɗan fito siriri daga ƙarƙashin kujera.

Kayan da za ka tanada

Na'urar karanta lamba ita ce kan gaba. Ƙaramar nan ta ELM327 da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth ta isa, tare da manhaja irin Car Scanner ko Torque. Sharaɗi ɗaya ne: ta iya nuna abin da injin ke yi yana cikin aiki, ba lamba kawai ba. Sai tocila, ɗan madubi, filaya, sukundireba, tiyo siriri mai tsawon kamu biyu, da gorar feshi da ruwa a ciki. Idan kana da agogon awon zuƙa, madalla. Na'urar kashe gobara ta zauna kusa da hannunka. Ka cire shimagi ko rawani, ka naɗe hannun jallabiya, domin bel da fanka ba sa sallama kafin su kama tufa.

Karanta lamba, kuma kada ka goge ta

Soket ɗin da ake soka na'urar yana ƙarƙashin sitiyari, mai baki 16. Tsarin sunansa OBD-II, an wajabta shi a motocin Amurka tun 1996. Wasu tsofaffin motocin da aka yi don kasuwar Larabawa suna da soket ɗin amma ba sa magana da ƙaramar na'ura, sai babbar kwamfutar warsha. Ka soka, ka murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, ka karanta.

Harafin P na nufin injin da giya. Sifirin da ke binsa na nufin lambar ta kowa da kowa ce, ma'anarta ɗaya a Toyota da Hyundai da GMC. Idan 1 ne, to ta kamfanin ce shi kaɗai. Waɗanda suka shafe mu:

P0171: iska ta rinjayi fetur. A injin mai siffar V wannan ɓangaren farko ne, P0174 kuma ɓangare na biyu.
P0300: wuta tana tsallake a silindoji barkatai, abin da ake kira taftafa a nan. P0301 zuwa P0304 suna faɗin wace silinda ce.
P0505 da P0507: silo ya kauce, ko ya hau fiye da kima.
P0101: abin da sansar MAF ke faɗa bai yi daidai da hankali ba.
P0441: bawul ɗin da ke sakin tururin tanki zuwa injin ba ya aiki daidai.

Babu ɗaya daga cikinsu da ta ce a sayi wani abu. Kowace tana faɗin abin da kwamfuta ta gani ne kawai.

Kafin ka taɓa komai, nemi hoton da kwamfuta ta ajiye na lokacin da lambar ta faɗo: gudun injin, zafin ruwa, gudun mota. Ɗauke shi a waya. Idan lambar ta faɗo mota a tsaye, injin na juyi 700, zargi ya karkata ga huda. Idan ta faɗo kana gudun kilomita 110 da fasinja cike, wata magana ce daban. Masu cire kan batir don wuta ta mutu, wannan hoton suke shafewa, su bar bakanike yana lalube a duhu. Abu ɗaya kuma: wutar cek da ke tsaye tana ba ka lokaci, amma idan ƙiftawa take yi, ka sauka gefen titi. Ɗanyen fetur ne ke gangarawa salansa, zai ƙona tukunyar tace hayaƙi, dabbat talawwus, wadda kuɗinta ya ninka na duk abin da muke magana a kai.

Gwajin da ke raba gardama

A nan ne aikin yake, kuma nan ne warshar da kawu ya je ta tsallake. Bar injin ya yi zafi sosai, kashe sanyi da fitilu. A manhajar ka buɗe abu biyu: STFT da LTFT. Dukansu suna nuna yawan fetur ɗin da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa, a kashi cikin ɗari. Na farko gyaran nan take ne, yana ta rawa sama da ƙasa. Na biyu shi ne abin da ta haddace bayan ta daɗe tana gyara. Haɗa su wuri ɗaya. Lafiyayyen injin yana zama tsakanin ragin 5 da ƙarin 5. Har 10 ana haƙuri. Abin da ya haura ƙarin 10 akwai magana.

Rubuta jimillar a silo. Sai ka taka totur ka riƙe a juyi 2,500 na kamar minti ɗaya, ka sake rubutawa.

A motar kawu, silo ya nuna ƙarin 28. Da na riƙe a 2,500 sai ya sauko ƙarin 6. Wannan ita ce alamar huda, kuma dalilin a fili yake. A silo injin iska kaɗan yake ci, gram uku ko ƙasa da haka a daƙiƙa ga injin mai wannan girma, zuƙar kuma tana da ƙarfi, don haka abin da hudar ke shigarwa babban kaso ne. Da ka buɗe totur iska ta kwararo da yawa, zuƙar ta ragu, sai abin da hudar ke kawowa ya zama cokali a cikin randa.

Idan akasin haka ka gani, wato silo lafiya amma lambar tana hawa yayin da kake ƙara wuta, bar neman huda. Ko dai fetur ne ba ya isowa, famfon mai ya gaji ko matata ta toshe ko nozul masu fesa fetur cikin injin sun yi datti, ko kuma sansar MAF ce ƙura ta rufe wa ido har take rage awo. Ƙurar ƙasar nan ba sai an faɗa ba. A kwance sansar a fesa mata maganin da aka yi dominta, a bar ta ta bushe, kada a taɓa siririyar wayar cikinta da tsumma ko yatsa. Idan kuwa ƙarin yana nan daram a silo da kuma a 2,500, duba ko salansa tana hurawa kafin sansar, domin hudar salansa ma tana janyo iska ta ruɗi kwamfuta. Baƙin toka a bakin mahaɗa da ƙarar "tak-tak" da safe su ne shaidarta.

Mai agogon zuƙa ya haɗa shi da wani bututun manifol. A Jidda, da take daidai da teku, allura za ta tsaya cik tsakanin inci 17 da 21. Idan ta tsaya ƙasa da haka ba ta motsi, huda na cikin abin zargi. Amma a tuna duk hawan mita 300 yana rage kusan inci ɗaya. Mutumin Ɗa'if, da ke sama da mita 1,800, idan ya ga 14 kada ya ɗaga hankalinsa, tsaunin ne ba motar ba.

Farautar hudar

Ɗaga kujerar fasinja ka buɗe injin. Fara da ido, injin a kashe. Babban tiyon da ke tsakanin sansar MAF da ƙofar totur yana da ƙugiya-ƙugiya kamar maƙogwaro. Lanƙwasa shi ka leƙa cikin kowane lungu, nan yake tsagewa. Duba ko kilif ɗinsa a ɗaure suke, domin sau da yawa wanda ya canja matatar iska ne ya manta bai ɗaure ba. Sannan ka bi kowane ƙaramin tiyo da ya fito daga manifol, da yatsa, tun daga tushe har ƙarshe. Wanda ya yi tauri, ko ya yi laushi kamar danƙo saboda baƙin mai, ko yake juyawa a kan bakinsa ba tare da ƙarfi ba, abin zargi ne. Sa madubi ka ga ƙasansa.

Sai kunne. Tayar da injin, sa bakin siririn tiyon nan a kunnenka, ka riƙa yawo da ɗaya bakin a kan mahaɗai. Inda huda take za ka ji "sssss" ƙarara. Da ni ne, da wannan zan fara ko da wace na'ura nake da ita.

Idan kunne bai kama ba, koma ga wayarka ka sa STFT a gabanka. Ɗauki filaya, naɗa mata tsumma don kada ta yanka roba, ka matse ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya kusa da manifol, kowanne na daƙiƙa goma. Wanda ka matse lambar ta faɗo ƙasa kuma injin ya natsu, hudar tana kansa ko a abin da yake kaiwa gare shi. Tiyon roba kaɗai ake matsewa. Na filastik mai tauri fashewa zai yi. Shi sai dai a zare a toshe bakin manifol da yatsa.

Uku ne suka fi yawan laifi. Na farko tiyon numfashin injin, wanda ya taso daga murfin saman injin ta wani ɗan bawul da ake kira PCV. Tururin baƙin mai ne ke bi ta cikinsa kullum, shi ya sa yake riga sauran lalacewa, kuma shi ne na kawu. Cire bawul ɗin ka girgiza, mai lafiya yakan yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani.

Na biyu bawul ɗin tururin tanki. A ka'ida rufe yake idan ba wuta a jikinsa. Zare soket ɗinsa, zare tiyon da ya zo daga wajen tanki, sa yatsa a bakin bawul ɗin injin na silo. Idan ya tsotsi yatsanka, ya maƙale a buɗe. Motar da ke wahalar tashi daidai bayan an sha mai a gidan mai, yawanci shi ne. Masu cewa ma'aikaci ya ƙara dannawa bayan famfo ya tsaya da kansa, su ke jawo wa kansu wannan.

Na uku baƙar tukunyar birki, bakim a bakin 'yan Sina'iyya. Kashe injin, taka birki sau biyar har ya yi tauri, riƙe ƙafarka a kai, ka tayar. Feda ya kamata ta ɗan nutse. Idan ba ta nutse ba, ko kana jin huci a ƙarƙashin dashbod duk sanda ka taka, ko STFT na tsalle sama idan ka riƙe birki, robar cikinta ta huje. Wannan ba abin jira ba ne ga mai ɗaukar rayuka goma sha, balle mai gangarowa daga Ɗa'if.

Idan duk tiyo sun fita zargi, saura gasket ɗin manifol, da na ƙofar totur, da zoben robar da ke gindin nozul. A nan ake feshi. Na san kusan kowa fesa maganin wanke kafireta yake yi ya saurari ko injin zai canja murya. Yana aiki, amma wuta yake kamawa, kuma a HiAce kanka da kafaɗunka a cikin ɗakin mota suke, saman injin. Ni ruwa nake fesawa, kaɗan-kaɗan, a kan mahaɗa ɗaya a lokaci guda, nesa da koyil da soket. Ruwan yakan toshe hudar na ɗan lokaci, sai ka ga STFT ta faɗo. Wanda ya nace sai maganin, ya yi da injin da bai gama zafi ba, a fili, ɗigo-ɗigo, ba sigari a kusa. Gasket ɗin manifol yana da wata ɗabi'a: yakan yi huci da safe, idan ƙarfe ya yi zafi ya kumbura sai hudar ta rufe. Motar da ke kyarma bayan Asuba ta warke da hantsi, da sanyin safiya za ka gwada ta. Haka kuma idan P0171 ta zo tare da lambar silinda ɗaya tak, misali P0303, ka tsananta bincike a bakin wannan silindar.

Abin da ya gagari duk wannan, hayaƙi ke fallasa shi. Warsha da yawa suna da na'urar. Ka tambayi fahas dukhan. Injin a kashe, a toshe babban tiyo, a hura hayaƙi a hankali cikin manifol, a haska tocila a ga inda yake fitowa. Na ga masu haɗa tasu da garwashin turaren wuta da famfon keke. Kada ka yi. Tururin fetur na kwance a cikin bututun nan.

Idan motarka ba irin ta kawu ba ce

Wasu injina ba sa auna iska da MAF, sansar MAP gare su a jikin manifol, tana auna matsin da ke ciki. Irin waɗannan suna ganin iskar da ta shigo ta huda, su ba ta fetur ɗinta, don haka da wuya ka ga P0171; silo ne zai hau ya ƙi sauka, sai P0507. Gwada sansar da makulli a buɗe, injin a kashe: a Jidda za ta nuna kusan 100 kPa, a silo kuma ta faɗo wajen 30.

Masu GMC Savana da 'yan'uwanta masu silinda takwas su kwatanta ɓangarorin biyu. P0171 da P0174 tare na nufin laifin yana wurin da suka yi tarayya: babban tiyo, MAF, ko famfon mai. Ɗaya kaɗai kuwa, a duba gasket ko salansar wannan ɓangaren.

HiAce mai dizal labarinta daban. Babu irin wannan zuƙar a manifol ɗinta, famfo na musamman ke samar wa birki zuƙa. Hudarta fitar da iska take yi, a tiyon da ke tsakanin tobo da injin. Alamarta rashin ƙarfi a hawa, baƙin hayaƙi, fito idan ka taka, jiƙar baƙin mai a bakin mahaɗa, wani lokaci da lambar P0299.

Bayan ka gyara

Sayi tiyon da aka yi don wurin. Na numfashin injin dole ya zama mai jure mai. Tiyon ruwa ko na gas ɗin girki wata biyu zai yi ya narke. Kuma roba ba abin sayowa daga tashlih, kasuwar kayan matattun motoci, ba ce, ko ta Bariman ko ta ko'ina, domin wadda ke can ta sha rana fiye da taka. Ƙarfe da murfi a saya a can, roba da gasket a sayi sababbi. Salatif kuwa na kai mota gida ne kawai. Idan manifol ka kwance, ka ɗaure kusoshinsa daga tsakiya zuwa gefe, da awo, kada ka danne da ƙarfin tuwo.

Tayar da injin tun kafin ka goge komai, ka kalli STFT. Idan ka dace, za ka ga ta nutsa ƙasa da sifiri sosai, domin kwamfuta tana janye ƙarin da ta haddace. A motar kawu ragin 20 ta nuna nan take. Yanzu ka goge lambar. Yi tafiya mai gauraye, cikin gari da babban titi, ka kashe, ka bari ta huce, ka sake. Lambar P0171 sai kwamfuta ta ga laifin a tafiya biyu a jere take kunna wuta, shi ya sa ta riƙa yi wa kawu kwana biyu kafin ta dawo. Bayan kwana uku ka sake duba jimillar STFT da LTFT a silo da a 2,500. Ka ga dukansu ƙasa da 10.

Wanda fahas dauri ɗinsa, wato duba lafiyar mota na hukuma, ya kusa, kada ya goge lamba a bakin ƙofar wurin. Awon hayaƙi ake yi a can, injin da ke taftafa kuwa bakin salansa zai tona shi ko da wutar dashbod a mace take. A ba motar kwanakin nan uku tukuna, a duba lambobin, sannan a ɗauki mau'idi.